Yadda Za Ka Tsikari Jijiya da Lantarki Ka Naɗi Amsarta a Layi Biyu: Jagora da Tana

Ɗaliban da ke zuwa wajena a nan Gombe kusan tambayarsu ɗaya ce. Sun ga hoton ƙwaƙwalwa a intanet an kafa mata ɗaruruwan allurai, layuka na ta gudu a allon kwamfuta, sai su ce, "Malam, mu yaushe za mu taɓa irin wannan?" Nakan ce musu su je su haƙo mini tana tukuna. Wasu dariya suke yi, suna zaton zolaya ce. Ba zolaya ba ce. Abin da na'ura mai layi 384 take yi, tushensa yana nan a layi biyu: allura ɗaya tana gaya maka jijiya ta yi magana, ta biyu kuwa ita ce ke gaya maka inda maganar ta dosa da saurin da take yi. Wanda bai iya karanta tazarar lokaci tsakanin layi biyu ba, in an ba shi ɗari uku ruɗewa kawai zai ƙara yi.

Me za mu ji, kuma me ya sa tana?

Ƙwayar jijiya idan tana hutawa, cikinta yana ƙasa da wajenta a ƙarfin lantarki da kusan milibolt 70 (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt). Idan aka tsikare ta har wutar ta kai wani haddi, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, sinadarin ya kwarara cikin ƙwayar, lamarin ya kife na kusan milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, sannan fotasiyam ya fita ya mayar da ita yadda take. Wannan ɗan kifewar ita zan riƙa kira tartsatsi, don a lasifika ƙyas-ƙyas take yi kamar an taka busasshen ganye. Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka warware yadda take faruwa a 1952, kuma ba a jikin mutum suka yi aikin ba, a jijiyar wata dabbar teku ce mai kaurin gaske. Masu wannan ilimi tun asali dabba mai ƙatuwar jijiya suke nema.

Tana tana da irin wannan baiwar. Igiyar jijiyarta ta bi ta gefen ciki ne daga kai har wutsiya, kuma a cikinta akwai zare uku manya: ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. Na tsakiyar ya fi kauri, ya fi sauri, shi ke ɗaukar saƙo idan an taɓa ta wajen kai. Na gefen biyu suna amsa taɓin wutsiya, kuma a haɗe suke da juna ta wasu ƙananan mashigai na lantarki, shi ya sa tare suke harbawa, ka gan su kamar tartsatsi guda. Da su ne tana ke zabura ta koma rami idan kaza ta kai mata sara. Girmansu ya sa ana jin su daga wajen fata, ba sai an yanka ta ba.

Kayan aiki

Tana dai, a nemi manya, masu tsawon da ya kai santimita 10 ko fiye. Da damina ba wuya, ƙarƙashin juji ko bayan gida inda ruwa ke kwanciya. Da rani sai an nufi fadama, irin gonakin noman rani na wajen Dadin Kowa, ko a tambayi yara masu kamun kifi, su sun san inda take. A ajiye su cikin ƙasa mai danshi a inuwa.

Sai amfilifaya mai layi biyu da ke ƙara ƙarfin sigina kamar sau 1,000, tana kuma tace abin da ke ƙasa da bugu 300 a sakan da abin da ya haura 3,000. Kamfanin Backyard Brains na Amurka yana yin irinta don makarantu, manhajarsu ta Spike Recorder kuma kyauta ce. Wanda bai da halin saye, ɗalibin injiniyan lantarki ko gogaggen mai gyaran rediyo zai iya haɗa ta da guntun AD620 guda biyu da batir mai bolt 9. Manhajar Audacity ma tana naɗa, ita ma kyauta.

Ga wani tarko da ke cin mutane: ramin makirufo na yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka layi ɗaya yake karɓa. Za ka jona waya biyu, ka ga layi biyu a allo, alhali abu ɗaya ne aka kwafa sau biyu. Na taɓa ɓata yini guda ina mamakin yadda saƙo ke isa allura biyu a lokaci ɗaya. Nemi ƙaramar na'urar sauti ta USB mai karɓar hagu da dama daban, ka gwada ta tun kafin tana ta zo: taɓa waya ɗaya da yatsa, layi ɗaya kaɗai ya kamata ya motsa.

Ragowar kayan ƙanana ne. Fil biyar marasa tsatsa da za su zama alluranmu, farin soson nan mai tauri da ake naɗe firij ko talabijin da shi, rula, sirinji na ɗiga ruwa, tsinken roba ko na tsintsiya, da itanol na ɗakin gwaji. Kada a yi amfani da sifirit na kemis, akwai wasu sinadarai a ciki. Sai keji na ragar ƙarfe don tare ƙugin wutar layi, wanda mai walda zai haɗa maka. A tabbata ragar ƙarfe ce ba ta roba ba. Babbar tukunyar alminiyum da aka kifa ma tana aiki.

Na'urar tsikari ita ce ta ƙarshe: wani abu da zai ba da gajeren bugun wuta na milisakan 0.2, wanda za ka iya murɗa ƙarfinsa daga sifili zuwa bolt 5. Ƙaramin allon lantarki na Arduino ko guntun 555 mai saita lokaci da abin murɗawa irin na ƙara muryar rediyo sun wadatar. Da batir kaɗai za ta yi aiki, batirinta daban da na amfilifaya. Ba a jona ta da soket, ba a kuma gwada ta a jikin mutum, balle a kai ko ƙirji, ko da wasa.

Mataki na farko: kashe ƙugi kafin ka taɓa tana

Nan ne rabin aikin yake. Abin da kake nema bai kai milibolt ɗaya ba a wajen fata, wutar layi kuwa bolt 230 ce tana kaɗawa sau 50 a sakan, kuma kowace waya da ke cikin bango tana watsa wannan kaɗawar cikin ɗaki. Jikinka ma eriya ne.

Jiƙa auduga da ruwan gishiri kaɗan, ka soka allurai uku na naɗi a ciki, wato na layi biyu da ta ƙasa wadda ake auna sauran daga gare ta, ka kunna. Idan ka ga igiya mai hawa da sauka daidai wa daida, auna tsakanin tudu da tudu. In ka sami milisakan 20, wutar layi ce. Zare cajar kwamfuta, ta koma kan batirinta. Kashe fanka da dogon ƙwan fitila. Nisanta waya, don ko ba a kira ba tana magana da turken sadarwa, za ka ji ta dit-dit-dit. Gajarta wayoyin allurai, ka murɗe su da juna kamar igiyar guga. Kifa keji, ka haɗa jikinsa da wayar ƙasa ta amfilifaya. Keji da ba a haɗa ba ado ne kawai.

Abin dariya, naɗi mafi tsafta da nake samu lokacin da aka ɗauke wuta ne, kafin maƙwabta su tayar da janareto. Inbata mai araha kuwa ta fi wutar layi ƙazanta, don ita ƙarar da take zubawa tana shiga har cikin zangon da jijiya ke magana, inda tacewa ba za ta cece ka ba.

Kada ka wuce nan sai layukan biyu sun kwanta, sai ɗan shuu siriri.

Mataki na biyu: sa ta barci

Haɗa awo ɗaya na itanol da awo tara na ruwa. Wanke tana, ka saka ta ciki minti uku zuwa biyar. Ido za ka sa, ba agogo kaɗai ba: ciro ta ka taɓa, in ta daina murɗewa amma bakin kai ko wutsiya na ɗan motsi, ta yi daidai don gwajin taɓi. Don gwajin wuta a ƙara mata minti ɗaya ko biyu, saboda tsokar da ke motsi tana fitar da sigina da ta ninka ta jijiya girma. In ta wuce kima kuma jijiyar ma shiru za ta yi. Ɗauraye ta da ruwa.

Gane kai da wutsiya: ɗamarar nan mai kauri tana kusa da kai. Baya ya fi duhu, ciki ya fi haske.

Mataki na uku: jera allurai

Miƙar da ita a kan soso, cikinta a ƙasa. Daga wajen kai zuwa wutsiya, jerin shi ne: allurar tsikari ta tarawa (+), sai ta ragewa (-) kamar rabin santimita a bayanta, sai allurar ƙasa, sai layi na ɗaya, sai layi na biyu. Ta ragewa ita ce za ta kasance kusa da masu naɗi, domin a ƙarƙashinta tartsatsi ke tashi. In ka juya su, ta tarawa na iya tare masa hanya. Allurar ƙasa kuma tsakiya take zama kamar mai rabon faɗa, tana shanye wutar tsikari kafin ta mamaye masu naɗi.

Soka kowace allura ɗan gefe kaɗan da tsakiyar jiki, kada ka huda hanji ko igiyar kanta. Wanda ba ya son suka zai iya kwantar da allurai a kan soso ya ɗora tanar a kansu. Sigina za ta ragu, amma dabbar ba ta ji rauni ba.

Tsakanin layi na ɗaya da na biyu a bar santimita 3 ko 4, a auna da rula, a rubuta nan take. Kada jikinta ya bushe, musamman da hunturu, amma kada ruwa ya kwanta tsakanin allurai, don ruwan zai zama gajeriyar hanya ya haɗe su. Ɗigo ɗaya, a goge rarar.

Mataki na huɗu: taɓi kafin wuta

Fara naɗi a kan samfuri 44,100 a sakan, wato manhaja ta riƙa auna sigina sau 44,100 kowane sakan. Ɗauki tsinken roba, ba ƙarfe ba, ka taɓa bakin kanta a hankali. Za ka ji ƙyas, ko ƙyas-ƙyas-ƙyas. Tsaya, ka buɗe wurin a allo har sai milisakan goma sun cika faɗinsa. Tartsatsin zai fito a layi na ɗaya, jim kaɗan ya fito a na biyu. Yanzu taɓa wutsiya. Jerin zai juya: na biyu ne zai riga, kuma tazarar za ta fi faɗi, don zaren gefe ne ke aiki, su kuma ba su kai na tsakiya sauri ba.

Ga ƙa'idar da nake so ta zauna maka, don da ita ake aiki ko layi nawa ne: duk abin da ya bayyana a dukkan layuka a lokaci guda cif, ba jijiya ba ce. Ko ka girgiza tebur, ko wani ya kunna fitila, ko rigarka ta goga waya. Saƙon jijiya tafiya yake yi, tafiya kuwa tana cin lokaci.

Lissafin ba wuya. A ce tazarar allurai santimita 3 ce, tazarar lokaci milisakan 1.5. Raba mita 0.03 da sakan 0.0015, ka sami mita 20 a sakan, wato kilomita 72 a awa, gudun mota mai natsuwa a hanyar Gombe zuwa Bauchi. A auna daga wuri iri ɗaya a tartsatsin biyu, tsini zuwa tsini. Ka ga kuma dalilin da ya sa na ce a buɗa allurai: in santimita ɗaya ce tsakaninsu, kuskuren milimita ɗaya a rula ya ɓata kashi goma cikin ɗari na amsarka.

Alƙaluman da ke cikin littattafai na tanar Turai ne, inda zaren tsakiya ke gudu kamar mita 15 zuwa 40 a sakan, na gefe kuma ƙasa da haka, wajen 5 zuwa 15. Tanarmu jinsinta daban, zafinmu daban, maganin barci ma yana rage gudu. Rubuta abin da ka samu tare da zafin ɗakin, kada ka lanƙwasa shi ya dace da littafi. Awon watan Afrilu da na Disamba ba za su zo ɗaya ba, don sanyi na rage saurin jijiya. Hermann von Helmholtz, wanda ya fara auna wannan gudu a 1850 a jijiyar kwaɗo, ya sami kusan mita 30 a sakan, a zamanin da manyan malamai ke ganin abin ya fi ƙarfin awo. Mafi saurin jijiyoyin mutum suna kai wa 120.

Mataki na biyar: tsikari da wuta

Murɗa ƙarfi zuwa ƙasa ƙurmus. Ba da bugu ɗaya na milisakan 0.2. Za ka ga wani tsini a layukan biyu lokaci guda. Kada ka yi murna, sawun wutarka ne da ya bi ta ruwan jiki. Amma yana da amfani, shi ne sifilin agogonka, daga shi za ka riƙa ƙirga komai.

Ƙara kaɗan-kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma na bolt, kana barin sakan biyu ko uku tsakanin bugu da bugu. Sawun zai riƙa girma. Can sai kwatsam wani sabon abu ya ɓullo bayansa da 'yan milisakan, a layi na ɗaya sannan na biyu. Ka kai haddin zaren tsakiya. Rubuta ƙarfin. Ci gaba da ƙarawa ka lura da kyau: sawu na girma, tartsatsi bai ƙaru ko kaɗan ba. Ko dai ya zo da cikarsa ko bai zo ba sam. Wannan ɗabi'a tana cikin abin da Edgar Adrian ya tabbatar a zaren jijiya, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1932. Ƙara kuma, sai tartsatsi na biyu ya fito can baya. Zaren gefe sun farka. Wutar waje ta fi saurin tayar da zare mai kauri, shi ya sa na tsakiya ya riga su. Masu tsikarar jijiyar mutum a asibiti ma da wannan matsalar suke fama: manyan zare ne ke fara amsawa, ko su ake nema ko ba su ba.

Hanyar tantance na gaskiya da na bogi: juya wayoyin tsikari. Sawu zai kife, tartsatsi ba zai kife ba.

Daga nan gwaji biyu. Na farko, canza tsawon bugu, 0.05, 0.1, 0.2, 0.5, 1, kana neman haddi a kowanne. Gajeren bugu yana son ƙarfi da yawa, dogo kaɗan, har ka iso inda ƙara tsawo ba ya ƙara komai. Louis Lapicque na Faransa ya tsara wannan dangantaka tun farkon ƙarni na 20, kuma har yau da ita ake saita na'urorin tsikari. Na biyu, ba da bugu biyu a jere, ka fara da tazarar milisakan 20 kana matse ta. Wajen milisakan ɗaya zuwa biyu amsa ta biyu za ta ɓace, ko ka ƙara wuta. Ƙofofin sodiyam ba su gama komawa ba ne. Wannan ɗan hutun dole shi ke ƙayyade yawan tartsatsin da jijiya za ta iya yi a sakan, shi ke kuma hana saƙo juyowa baya.

Idan barcin ya fara sakinta, ka ga wani abu da ya fi waɗannan daɗi. Bayan tartsatsi za a sami wani babban tudu mai faɗi, amsar tsoka ke nan. Yi ta bugu a jere da sauri. Tartsatsin zare yana nan daram, amma tudun tsoka zai riƙa raguwa har ya ɓace. Zaren bai gaji ba. Mahaɗar da ke miƙa saƙo daga gare shi zuwa jijiyoyin tsoka ce ta gaji. Huta mata minti ɗaya ko biyu, ta dawo. A nan ne ka tashi daga nazarin waya guda ka shiga nazarin sarƙa, inda amsa ta dogara da abin da ya faru kafin wannan bugun.

Daga layi biyu zuwa sittin

A manyan ɗakunan bincike ana shuka ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera a kan faranti na gilashi mai ɗauke da ƙananan allurai 60, tazarar maikuromita 200, wato milimita 0.2, tsakaninsu a irin da aka fi amfani da shi. An fara irin wannan faranti a 1972 da ƙwayoyin zuciya, na jijiya suka biyo baya. Cikin mako biyu ƙwayoyin ƙwaƙwalwar sun miƙa zare sun sarƙe, sun fara harbi tare-tare, su yi shiru, su sake ɓarkewa kamar kwaɗi bayan ruwan sama.

Idan aka tsikari allura ɗaya aka saurari sauran, amsa iri biyu ce. Ta farko tana zuwa da wuri, a kan lokaci ɗaya kullum, irin ta tanarka: zare ne wuta ta taɓa kai tsaye. Ta biyu tana zuwa daga baya, tana iya ɗaukar ɗaruruwan milisakan, yau ta zo da yawa gobe kaɗan, don ta bi ta mahaɗai ne, kuma ta danganta da ko sarƙar ta gama wata ɓarkewa yanzun nan. In aka zuba maganin da ke toshe mahaɗai, ta biyun ta ɓace, ta farkon ta zauna. Saboda wannan sauyin ne ba a yarda da bugu ɗaya. Ana maimaitawa sau da dama, a jera duka a kan sifilin agogo, a ƙirga tartsatsi nawa ya faɗo a kowane ɗan yankin lokaci. Kai ma yi haka da tanarka, ko sau ashirin ne.

Abu biyu ne ke canzawa idan aiki ya yi tsawo. Bugun wuta ya zama mai fuska biyu, tarawa da ragewa daidai da juna, don wuta mai gudu gefe ɗaya tana cin ƙarfen allura tana kuma lalata nama. Sannan ido ba ya iya bin layi sittin, sai a sa kwamfuta ta ɗauki duk abin da ya haura shuu na layin kamar sau biyar a matsayin tartsatsi, ta yar da milisakan na farko da sawu ya ɓata. Allurar Neuropixels da ta fito a 2017 tana da wuraren ji 960, ana naɗar 384 a lokaci ɗaya, kowanne sau 30,000 a sakan. Awa ɗaya ta haura gigabait 80. Da wannan ilimin ne ake dasa na'urar ji a kunnen kurma, ake kuma tsikarar can cikin ƙwaƙwalwar masu cutar Fakinsin, wajen bugu 130 a sakan, don rage karkarwa. Hular wayoyi da ake sa wa mai farfaɗiya a asibiti ita ma naɗi ne mai layi da yawa, likita yana duba a wane layi guguwar ta fara.

Kada tana ɗaya ta wuce minti goma zuwa sha biyar a kan soso. Zare allurai a hankali, ɗauraye ta, ka sa ta cikin ƙasa mai danshi daban da waɗanda ba a yi aiki da su ba, in ta warware a mayar da ita inda aka haƙo ta. Sunan fayil ya ɗauki kwanan wata, lambar tana, tazarar allurai da zafin ɗaki, domin bayan mako biyu ba za ka tuna ko santimita 3 ce ko 4 ba. A wanke fil a shanya, gishirin jikinta yana sa su tsatsa kafin gobe.